Muhawara: me ke kawo dolfin da failot gaɓar teku su mutu a garke?

Shugaban Zaure

Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk sanda hoton manyan dabbobin teku kwance reras a kan yashi ya zagayo, sai ka ji ana cewa kifaye sun kashe kansu. A watan Satumban 2020 an ƙirga guda 470 a mashigin ruwan Macquarie da ke tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya, kuma waɗanda aka iya mayarwa teku ba su wuce 110 da 'yan kai ba. Bayan shekara biyu cif, a wannan yankin dai, wasu kusan 230 suka sake faɗowa. Dabbar ita ce wadda Turawa ke kira failot wel, wato wel mai jagora. Muna roƙon masana cikinmu su warware mana: wace irin halitta ce, me ke kawo ta tudu, kuma in an tarar da ita da sauran numfashi me ya kamata a yi mata. Malamin Bayoloji, bismillah.

Malamin Bayoloji

Wa alaikumus salam, Shugaba. Mu fara gyara suna, domin daga nan kuskuren yake farawa. Dolfin ba kifi ba ne, failot ma haka. Huhu gare su, iska suke shaƙa ta wata ƙofa guda da ke tsakar kansu, suna haihuwa, suna shayarwa, kuma zafin jininsu yana tsakanin digiri 36 da 37 kamar namu. Alama mafi sauƙi ita ce wutsiya: ta kifi a tsaye take, yana kaɗa ta dama da hagu, ta dolfin kuwa a shimfiɗe take, sama da ƙasa yake buga ta. In aka fede fiffikensa na gaba za a ga ƙashin dantse, da na sangali, da yatsu biyar a jere. A duk dabbobin da ke raye yau, wadda ta fi kusa da su a dangantaka ita ce dorina.

Shi failot, duk da ana liƙa masa sunan wel, ɗan gidan dolfin ne, shi ne ma na biyu a girma a gidan, bayan oka mai baƙi da fari. Iri biyu ne. Akwai mai dogon fiffike, wanda fiffikensa ke kai kashi ɗaya cikin biyar na tsawon jikinsa, yana zaune a ruwa mai sanyi: arewacin Atilantika da tekunan kudancin duniya. Shi ne na Tasmaniya. Akwai mai gajeren fiffike, kamar kashi ɗaya cikin shida, mazaunin ruwa mai ɗumi, kuma shi ake samu a tekun Afirka ta Yamma. Babban namiji yakan kai mita 6 zuwa 7, nauyinsa tan 2 zuwa 3. Baƙi ne wuluk, goshinsa a dunƙule kamar tukunya a kife, ba shi da dogon baki irin na dolfin da aka saba gani. Haƙoransa ma kaɗan ne, 7 zuwa 13 a kowane layi, alhali dolfin mai bakin kwalba yana da 80 zuwa 100 gaba ɗaya. Dalili kuwa abincinsa sikwid ne, wata dabba mai laushi marar ƙashi, zuƙe ta yake yi ya haɗiye, ba tauna ba.

Ɗan Sarkawa

Malam, a ƙara wannan don mutanenmu na bakin kogi: ayu daban, dolfin daban. Ayun da ke Binuwai da Neja ciyawa yake ci, danginsa giwa ce. Babu dolfin ɗin kogi a Afirka kwata-kwata. Masu zama a ruwan daɗi suna Amazon, da kogin Ganjis, da na Indus. Na kogin Yangtse a ƙasar Sin an yi masa neman ƙarshe a 2006, ba a ga ko ɗaya ba.

Injiniyan Sauti

Ni a ganina amsar tambayar Shugaba tana cikin yadda dabbar ke gane hanya, saboda haka bari in zauna a kai.

A zurfin mita 200 haske ya kusan ƙarewa, ido ba ya wani aiki. Sai dolfin ya koma gani da kunne, kamar jemage. A ƙarƙashin ƙofar numfashinsa akwai wasu leɓɓa biyu na tsoka. Yana tura iska ta tsakaninsu su ba da ƙara ƙas-ƙas-ƙas, iskar kuma ba ta fita waje, tana komawa wata jaka a sake amfani da ita. Ƙarar tana ratsa dunƙulen kitsen goshi, shi kuma ya tattara ta ya harba gaba kamar hasken tocila. In ta bugi wani abu ta dawo, ba kunnen waje ke karɓa ba, muƙamuƙin ƙasa ne: akwai kitse a cikinsa da ke kai sautin har kunnen ciki.

Lissafin ba wuya. Sauti yana tafiyar mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ninki huɗu da ɗoriya na tafiyarsa a iska. Abin da ke nisan mita 75, ƙara za ta je ta dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Yana kusantar abin farauta yana matse tazarar ƙarar, har ta koma kamar kukan ƙofa mai tsatsa. A gwajin da aka yi a Hawai a 1980, dolfin ya gano ƙwallon ƙarfe mai faɗin santimita 7 da rabi daga nisan mita 113. Kunnensa yana jin sauti har kilohaz 150, namu yana tsayawa a 20.

To ga inda abin ke lalacewa. Wannan na'ura tana son abu mai tauri da ke tsaye: dutse, ko gaɓa mai gangare sosai. In ƙasan teku yashi ne mai laushi da ke tasowa a hankali, ƙarar ba ta dawowa gare shi, zamewa take ta yi gaba, yashi da kumfa su shanye saura. Sai dabbar ta ɗauka hanya a buɗe take. Ku dubi Farewell Spit a Niyu Zilan: wani siririn harshen yashi ne mai tsawon kilomita 25 ko fiye, ya lanƙwashe kamar ƙugiya, in ruwa ya janye yakan bar fili na kilomitoci. A Fabrairun 2017 sama da 400 suka maƙale a dare ɗaya, kafin kwana biyu adadin ya haura 600. Failot dabbar zurfi ce, ba ta san sha'anin cika da janyewar ruwa a gaɓa ba. Wurin tarko ne.

Malamin Bayoloji

Injiniya, na yarda da tarkon, amma bai isa shi kaɗai ba. Wel iri-iri suna bi ta waɗannan wurare, me ya sa failot ne ke faɗawa ɗari-ɗari? Amsar tana cikin zumuncinsu.

Garken failot gidan uwa ne. Binciken jinin da aka yi a kan garkunan tsibiran Faro na arewacin Atilantika ya nuna cewa 'ya'ya maza da mata duka suna zama tare da uwarsu har su mutu. Namiji yakan je ya yi barbara a wani garke in an haɗu, ya dawo gidan uwarsa. Mace tana ɗaukar ciki wata 12 zuwa 16, ta haifi ɗa ɗaya, wutsiya ke fara fitowa don kada ya shaƙi ruwa, ta shayar da shi shekara biyu, uku ko fiye, sai bayan shekara uku zuwa biyar ta sake haihuwa. A wajen mai gajeren fiffike akwai abin da ya fi wannan: mace tana daina haihuwa kafin ta kai 40, ta kuma rayu har ta haura 60. Dabbobi kaɗan ne aka san suna haka, mutum da oka suna ciki. Waɗannan tsofaffi su ne kakanni, su suka san inda abinci yake a wace kaka.

Dabbar da aka gina rayuwarta a kan kada a rabu, in ɗaya ta shiga ruwa marar zurfi tana kuka, sauran ba sa juyawa. A Yulin 2023 guda 55 suka faɗo a tsibirin Lewis na Sikotilan, binciken farko ya nuna akwai mace ɗaya da haihuwa ta zo mata da gardama. Abin da ke tsare su daga oka a tsakiyar teku shi ne ke hallaka su a gaɓa, kuma wannan yana da ban tausayi ƙwarai.

Likitar Dabbobi

Malam, Allah ya ƙara sani, amma akwai gyara a nan, kuma gyaran yana da amfani ga masu ceto. A 2013 an fitar da sakamakon gwajin ƙwayoyin gado na failot 490 daga faɗowa 12 a Niyu Zilan da Tasmaniya. An tarar da cewa a faɗowa ɗaya akan sami zuriyar uwa fiye da ɗaya, wato gidaje ne daban-daban suka cakuɗe. Sannan 'ya'ya da yawa an same su kwance nesa da iyayensu, wasu ma ba a ga uwar a cikin waɗanda suka faɗo ba sam. Saboda haka kuskure ne a ga ɗan ƙarami kusa da wata mace a ce uwarsa ce, a sake su tare a ce an gama. Zumuncin gaskiya ne, sai dai kafin su iso yashi rikici ya riga ya wargaza jerin.

Sunan mai jagora ma ya samo asali ne daga zaton cewa akwai shugaba ɗaya da kowa ke bi. Ba haka tsarin yake a tsaye ba.

Malamin Bayoloji

Na karɓi gyara, Likita. Hakan ma yana ƙara nuna cewa mai yiwuwa neman juna ne ke tura su gaba bayan sun rabu.

Injiniyan Sauti

Akwai kuma hannun ɗan Adam, kada a bar shi. A Maris na 2000 a Bahamas, da Satumban 2002 a tsibiran Kanari, wel masu dogon baki sun faɗo sa'o'i kaɗan bayan atisayen jiragen yaƙi masu amfani da sona mai ƙarfi, wato na'urar da ke harba sauti cikin ruwa don gano abin da ke ƙasa. A na Kanari an sami kumfar iska a jijiyoyi da gaɓoɓinsu, irin abin da ke samun mai nutso in ya taso da gaggawa. Sifaniya ta hana wannan atisaye a kewayen tsibiran a 2004, faɗowar irin wannan kuma ta tsaya. A Madagaska a 2008 wasu dolfin kusan 100 suka shiga wani lungun ruwa, a 2013 kuma kwamitin masana ya ce abin da ya fi yiwuwa ya jawo hakan shi ne na'urar auna ƙasan teku ta wani jirgin bincike. Amma ba zan ce sona ce ke bayan kowace faɗowa ba: mafi girma da aka rubuta, kusan 1,000 a tsibiran Chatham na Niyu Zilan, a 1918 ta faru.

Jami'in Gaɓa

To mu zo kan aiki, domin a nan ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya.

Abin farko, a kira hukumar kifi ko ta namun daji, a kuma mayar da taron jama'a da karnuka baya. Hayaniya kaɗai tana iya kashe dabbar da ke cikin firgici. Sannan a duba wa ke da rai: a tsaya a kalli ƙofar numfashi, domin failot yakan ɗauke numfashi na tsawon lokaci har a zaci ya mutu.

In yana kwance a gefe ɗaya, a miƙar da shi ya kwanta a kan cikinsa. Ana haƙa rami a yashi tsawon jikinsa ta gefen cikin, a manne fiffiken a jikinsa, mutum huɗu zuwa shida su mirgino shi a hankali ya faɗa ramin. Daga nan a haƙa ƙananan ramuka ƙarƙashin fiffike biyun su sauka yadda suke a ruwa. In aka bar fiffike a lanƙwashe ƙarƙashin tan biyu, jini zai daina zuwa, ko kafaɗa ta goce. A tara yashi ko buhunan yashi a gefe don kada ya sake kifewa.

Sai sanyaya jiki. A lulluɓe shi da zanen gado mai haske, jiƙaƙƙe, ban da ƙofar numfashi, ban da ido. A riƙa zuba ruwa da bokiti a hankali, ba watsawa ba, a fi ba da ƙarfi a wutsiya da fiffike da ƙayar baya, domin ta nan yake fitar da zafi. Mai zuba ruwa kusa da kai ya jira sai dabbar ta yi numfashi ta rufe ƙofar, sannan ya zuba. Ruwa ko yashi in ya shiga nan, kai tsaye zai tafi huhu.

Abin da ba a yi ko da wasa: ɗaura igiya a wutsiya a ja da mota ko jirgi. Ƙashin baya yana rabuwa, dabbar ta koma ruwa a shanye. Ba a jan fiffike. Ba a tsayawa kusa da wutsiya, bugu ɗaya yana karya ƙafar ƙato. Ba a kuma tsallaka ta.

Likitar Dabbobi

Bari in faɗi dalilin gaggawar, don a san da me ake tsere.

Ruwa yana ɗebe zafin jiki kusan ninki 25 fiye da iska. An lulluɓe dabbar nan da kitse don ta jure wannan. A tudu kitsen ya zama bargo a tsakar rana, ga baƙar fata tana zuƙar zafi. Cikin sa'o'i kaɗan fatar takan yi bororo ta saɓule. Na biyu, nauyi. Ƙirjinta an yi shi ne ya lanƙwashe, domin in ta yi nutso huhunta yakan matse gaba ɗaya tun a wajen mita 70, iskar da take aiki da ita tana ajiye ne a jini da tsoka. Shi ya sa namanta yake baƙi-baƙi, cike yake da sinadarin da ke riƙe iska. Da wannan ne mai gajeren fiffike a tekun Tenarif na tsibiran Kanari yake kai mita 1,000, ya yi minti 15 zuwa 20, har ya yi tseren mita 9 a daƙiƙa a can ƙasa. To a tudu, ƙirjin nan mai laushi ba ya iya ɗaukar nauyin jiki. Huhu ya danne, tsokar da aka kwanta a kanta ta fara mutuwa, sinadarin nan ya kwararo cikin jini ya toshe ƙoda. Wannan ne ya sa za a ga an mayar da dabba ruwa ta yi iyo lafiya, bayan kwana biyu gawarta ta dawo.

Numfashinsu ma da niyya suke yi, ba kamar mu da ke yi muna barci ba. Rabin ƙwaƙwalwa ke barci, rabi na farke, ido ɗaya a rufe, su riƙa musanyawa. Saboda haka ba a yi musu allurar sa barci sakaka, in hankali ya gushe numfashi ya tsaya.

A riƙa ƙirga numfashi da agogo. Ƙaramin dolfin mai natsuwa yana yin 2 zuwa 5 a minti. In ya haura 10, yana cikin mawuyacin hali. Jini daga baki ko ƙofar numfashi, muƙamuƙi a sake, ko a taɓa gefen ido bai ƙifta ba, duk alamu ne marasa kyau. Kuma don Allah a sa safar hannu da takunkumi, a kauce wa tururin numfashinsa. Suna ɗauke da burusela, dangin ciwon bakkale na shanu, kuma tana kama mutum. Mace mai ciki kada ta matso.

Jami'in Gaɓa

Haka ne, ranki ya daɗe. Sai mayarwa ruwa, wadda ita ce ta fi wuya. Ana jiran cikar teku ne, ruwan ya zo ya ɗaga su da kansa. In dole sai an ɗauka, a zura tamfol ƙarƙashinsa, ko a yi amfani da balan-balan biyu dogaye da ake hurawa a gefe da gefe. A kai shi inda ruwa ya kai ƙugu, a juya kansa ya fuskanci teku, mutum biyu ko fiye a kowane gefe. Kada a sake shi nan take. Dabbar da ta yi sa'o'i a kwance jikinta ya sandare, ma'aunin daidaiton da ke kunnenta ya rikice. A riƙa jijjiga ta dama da hagu a hankali, rabin awa ko fiye, har ta iya tsayawa daidai, ta ɗago kai ta yi numfashi da kanta.

Babban kuskure shi ne sakin su ɗaya-ɗaya. Wanda aka saka zai ji kukan na kan yashi ya juyo. Dole a tara duk masu rai a ruwa wuri ɗaya, a sake su lokaci guda. Daga nan mutane su jeru cikin ruwa kafaɗa da kafaɗa su zama katanga, jirage kuma su tare ta baya, ana buga ƙarfe a ruwa in sun nufo gaɓa. A Farewell Spit an yi wannan katanga ta mutane. A Tasmaniya kuwa, saboda bakin mashigin ƙunci gare shi, sai da aka riƙa rataya su a gefen jirgi ana fitar da su can cikin teku. A sa wa kowanne alama a ƙayar baya, don a gane wanda ya sake dawowa.

Wanda likita ya ce ba zai tashi ba, a bar wa ƙwararru su sauƙaƙa masa. Abu ne mai ciwo, amma mayar da shi ruwa yana iya jawo sauran su biyo shi.

Almajirin Fiƙihu

Allah ya saka wa malamai. Akwai tambayar da tabbas tana zuciyar masu karatu: wanda ya mutu fa, ana ci? A mazhabar Malikiyya dabbar teku halal ce, mushenta ma haka, ba ta buƙatar yanka. Kuma ga ƙissar rundunar Abu Ubaida, Allah ya ƙara masa yarda, da yunwa ta kama su a gaɓar teku suka tarar da babbar dabbar da ake kira anbar, suka ci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tabbatar musu da halaccinta. Sai dai malamai sun yi ƙa'ida cewa abin da aka tabbatar yana cutarwa ana barinsa saboda cutar. Nan kuma maganar ta likitoci ce.

Likitar Dabbobi

Allah ya gafarta Malam, ka ajiye maganar inda ya dace. Cutarwar iri biyu ce.

Ta kusa: kitsen nan yana riƙe zafi a cikin gawa, ciki ya ruɓe tun waje yana da kyan gani. A 2002 a Alaska mutum 14 suka ci kitsen wani farin wel da suka tsinta a gaɓa, 8 suka kamu da gubar da ke shanye jiki, har aka sa biyu a na'urar numfashi. Ga kuma cewa ba a san abin da ya kashe dabbar ba. A Afrilun 2021 da dolfin masu yawa suka faɗo a Axim ta ƙasar Gana, mutane sun kwashi wasu, sai da hukumomi suka yi ta gargaɗi suna bin sawun naman.

Ta nesa ita ce zaiba, wato makuri. Ƙaramin kifi ya ci kaɗan, babba ya ci ƙananan, failot ya ci na sama, ya kuma yi shekara 40 ko 50 yana tarawa. Zaiba tana zama a nama da hanta da ƙoda, gubar masana'antu kuma a kitse. Dafuwa ba ta fitar da ita, banda ko shanyawa ma haka. A tsibiran Faro an bi yara sama da 1,000 da aka haifa a 1986 da 1987, aka ga zaibar da uwa ta ci tana taɓa harshe, da riƙe karatu, da natsuwar yaro. A 2008 manyan likitocin tsibiran suka ba da shawarar a daina ɗaukar failot a matsayin abincin mutane.

Malamin Bayoloji

Tunda an ambaci Faro: farautarsu ma a kan wannan zumunci ta dogara. In an hango garke, jirage su yi masa rabin da'ira su koro shi zuwa gaɓar da doka ta amince, garken kuma ba ya watsewa. Suna da rubutaccen lissafi tun 1584, ana raba naman ga jama'a, kuma sukan kama ɗaruruwa a shekara. A ranar 12 ga Satumban 2021 aka kashe dolfin masu farin gefe 1,428 a yini ɗaya, abin da ya tayar da ƙura har a tsakanin mutanen tsibiran, a 2022 gwamnatinsu ta sa iyakar 500 a shekara ga wannan nau'in. Ni abin da ya fi damuna shi ne ana shafe gida guda ne ɗungurungum, da kaka da jika.

Ɗan Sarkawa

Malamai, ku yi mini haƙuri, duk wannan lissafi bai kai na raga ba. Faɗowa gaɓa tana da hoto, shi ya sa ake maganarta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne dolfin da wel kusan 300,000 ke mutuwa a kayan su duk shekara, ba mai gani. Mafi muni kalli ne na zaren roba. Siriri ne, ƙarar dolfin ba ta dawowa daga gare shi da ƙarfi, balle in hankalinsa yana kan kifin da ya maƙale. Da wutsiya ko baki ya shiga sai ya yi ta juyi, ragar ta naɗe shi. Ƙaramin dolfin da wuya ya wuce minti 10 bai shaƙi iska ba, kallin kuma kwana yake a ruwa.

A tashoshin Dixcove da Axim da Apam na Gana an daɗe ana sauke dolfin da failot da kalli ya kama, a sayar, ko a yanka a yi abincin ƙugiyar kifin shak. Ga kuma dolfin mai tozo na Atilantika, wanda duk duniya ba a samunsa sai a gaɓarmu, daga Yammacin Sahara zuwa Angola. A Kamaru aka fara bayyana shi a 1892. Yana zama a ruwan da bai kai zurfin mita 20 ba, daidai inda ake shimfiɗa raga. An ƙiyasta bai kai 3,000 ba, tun 2017 yana jerin masu gab da ƙarewa.

Alhali masunci da dolfin ba abokan gaba ba ne. Masuntan Imragen na Muritaniya an san su da buga ruwa da sanda, dolfin su koro musu kifi gaɓa. A Laguna ta Burazil har yau masunta na tsayawa cikin ruwa da birgi a hannu, ba sa jefawa sai dolfin ya lanƙwasa baya ya nutse, wannan ce alamar.

Injiniyan Sauti

Gaskiyarka, Ɗan Sarkawa. Akwai 'yar na'ura da ake ɗaurawa a igiyar saman raga, tana ƙara ta kusan sulusin daƙiƙa duk bayan daƙiƙa 4, ana jera su tazarar mita 90 zuwa 100. Ta rage kamu sosai a wasu wurare, amma tana da matsala biyu. In batirin ɗaya ya mutu, wurin da ya yi shiru sai dabbar ta ɗauke shi ƙofa ta nufe shi, don haka raga mai na'urori da giɓi tana iya fin marar komai haɗari. Sannan dolfin mai bakin kwalba yakan koyi cewa ƙarar tana nufin akwai kifi a maƙale. Dole a gwada kowace kafin a jefa raga.

Ɗan Sarkawa

Kuɗinta ma ya fi ƙarfin mai kwale-kwale, Injiniya. Abin da ke hannunsa shi ne ya rage sa'o'in da raga ke kwana, ya zauna kusa da ita, kada ya shimfiɗa a bakin kogi inda mai tozo ke kiwo. In ya tarar da dolfin da rai a ciki, ya kashe inji, ya ɗago kan sama da ruwa tukuna, ya yanke zaren daga baki da fiffike, wuƙa tana kallon waje, wutsiya ce ta ƙarshe. In ya fara sakin wutsiya, dabbar za ta buga ta tafi da sauran ragar a wuya.

Jami'in Gaɓa

Saura gawa, Shugaba, kafin a rufe. Kada a bar yara su hau ta. Iska tana taruwa a ciki har ta fashe, shi ya sa a Farewell Spit ma'aikata suka bi gawarwakin suna huda su. Kafin a binne, a ɗauki hoton kai da fiffike da ƙasan ciki, a auna tsawo a miƙe daga baki zuwa tsagar wutsiya, a rubuta rana da wuri, a duba ko akwai sawun zare a baki ko wutsiya. In da jami'i a wurin ya cire haƙori ɗaya ko biyu daga tsakiyar muƙamuƙin ƙasa, domin in aka tsaga shi ana ƙirga shekarun dabbar a layukan ciki, kusan layi ɗaya kowace shekara. Ramin a haƙa shi sama da inda ruwa ke kaiwa in teku ta cika, nesa da rijiya, a kuma tabbatar ƙasar da ke kan gawar ta kai mita ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba karnuka za su tone.